Shirun da muka ɗauka kunya ce

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da na ga ɗiyar ƙanena tana dariya a filin lakwal, wato makarantar boko, ta Badaguishiri.

Yarinyar ba ta kallon mutum a ido, ba ta shiga cikin yara, in ka yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Mu kuwa har alfahari muke yi. Mata na nuna ta ga 'ya'yansu su ce ga tarbiyya. Shekara da shekaru tana tsaye ita kaɗai jikin bango lokacin hutun tara, babu wanda ya ga laifin haka.

Sai aka kawo wata madam, malamar aji, daga Konni. Rannan ta biyo mu har gida, ta ce, "Gwaggo, wagga ba kumya ba ta. Tana son wasa da yara, yadda za ta shiga na ba ta sani ba." Ta ce larura ce da likitoci ke kira otizim.

Ni da saurin fushi, na ce, "Ɗiyarmu lahiya lau take. Ku 'yan boko komi sai kun ba shi suna."

Ba ta ja da ni ba. Ta haɗa ɗiyar tamu da wata yarinya mai haƙuri, kullum su yi carafke su biyu, tana koya mata yadda ake cewa "in shigo?" da yadda ake jira har layi ya zo kanka. Wata rana ina dawowa daga kasuwa na hango ɗiyar tamu a filin lakwal zaune cikin yara uku, tana cafe duwatsu tana ƙyaƙyata dariya. Na tsaya da kwando a ka, ƙwalla ta cika mini ido. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Ƙarshen shekara aka canja wa madam gari. Wanda ya gaje ta bai san zancen ba, mu ma da ba mu yarda akwai larura ba, babu wanda ya je ya faɗa masa. Yarinyar ta koma jikin bango, daga baya ta ƙi zuwa sam, ubanta ya ce ta zauna gida.

Yanzu ta girma, ba ta da ƙawa ko ɗaya, abin yana ci mini rai. Na koyi cewa in yaro ya cika shiru, kafin a yabe shi a zauna a gano ko shi ma yana son shirun.