Zakaran Ban Haƙuri

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne matata Saratu a Kagoma, kuma kafin masu dogon baki su riga ni, bari in faɗa da kaina: ni ne wawan wannan labari. Karatuna a aji huɗu ya yi faci, ita kuwa cikakkiyar malama ce. Yadda aka yi ta aure ni, har gobe dattawan cocinmu suna bincike.

A shekarun saba'in kwalejin gwamnati ɗaya muke aiki, tana koyarwa, ina tuƙa motar makaranta. Da cikinta na biyu ya fito, shugaban kwalejin ya kira ta ya ce aikin matar aure na wucin gadi ne, ta sauka daga shugabancin sashenta ta ba wani saurayi, wanda ita ta koya masa riƙe alli. Saratu ta dawo gida, ta ci tuwo, ta wanke hannu, ta ce za ta kai kwaleji ƙara.

Ni kuwa na ture kwanon tuwona gefe. A kai gwamnati ƙara a kotun gwamnati? Ana zaune a inuwar bishiya ana sara ta? In suka kore ta suka haɗa da ni, yara su ci me? Tun daga ranar, duk masinjan da ya nufo gareji sai in ɗauka takardar kora ya kawo mini. Malaman da ke rububin kujerar gaba suka koma bayan mota.

Sai na yi abin da ubana zai yi. A wurinmu, idan ɗan gida ya ɓata wa babba rai, ba a jira rana ta faɗi. Na ɗauki kawuna, da jan zakara, da doya mai kyau, muka je gidan shugaban ba da saninta ba, muka durƙusa. Ya karɓa hannu biyu, har da ba mu shayi. Na dawo ina jin kaina sarkin dabara.

Ranar shari'a muka hau jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Kaduna. Lauyan kwaleji ya miƙe ya ce a taya shi fahimta: in an zalunci wannan mata, me ya kai mijinta ban haƙuri da zakara? Tun yaushe wanda aka cuta yake durƙuso? Alƙali ya sauke tabarau yana neman mijin. Saratu ba ta waiwayo ba. Ƙeyarta kawai nake gani, kuma ta ishe ni.

Shari'a ta ja har ɗan da ke ciki ya fara gudu. A ƙarshe aka tabbatar mata da aikinta, amma kujerar shugabancin sashen ta tafi ke nan. Ko zakarana ne ya cinye ta, ko dama ba mai dawowa ba ce, ban sani ba. Ita kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta faɗa mini ba.

Da za ta leƙo yau, da ta ga mata suna shugabancin kwalejoji, ta yi murmushi. Da kuma ta ga jikarmu Rifkatu, wadda ke koyarwa a wata kwalejin, an tsallake ta wajen ƙarin girma an ce mai goyo ba ta da lokaci. An sauya wa tuwo suna ne kawai. Rifkatu ta ɗauki lauya, ni kuma tsohon tsorona ya dawo, don aiki yanzu ya fi naman kasuwa tsada, ga 'ya'ya biyu a gabanta.

Ran Lahadi bayan sujada na tare ta a ƙofar gida. Na ce, "Amaryata, ki bi a hankali. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Ta gyara goyonta, ta dube ni da idon Saratu sak.

"Ai an riga an raba gado, Kaka. Haƙurin a kasonka ya faɗo, ka ci gaba da dafa dutsenka."