Bujin Ƙarshe na Motar Baba Nomau

Har yau ban manta da ranar da Baba Nomau ya zo garejina zaɓen buji ba. Na soma aikin nan a Madawa ina aparanti, wato mai koyo, wanda aikinsa wanke kayan inji da miƙa wa ubangida kile, wato sifana. Daga nan na zama bakanike mai karɓar aiki da kansa, har Allah ya sa na buɗe nawa wurin. Motoci da yawa sun wuce ta hannuna, mafi yawansu na manta su. Wannan ce ta ƙi fita raina, shi ya sa nake so ku da kuka shigo sana'ar bayanmu ku ji ta.

Baba Nomau direba ne, mutumin Karofane, garinmu ɗaya. Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da yake ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan hatsi tsakanin Madawa da Buza, wani lokaci har Keta da Tamaske. Tun ban san kaina ba yake bisa hanyar nan. Shi ya kawo ni Madawa ina yaro, a gaban motarsa, ya damƙa ni hannun ubangidana ya ce, "Ga ɗan ƙanena, a koya mai aiki." Ba mu haɗa jini ba, amma tun daga ranar ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, buji shi ne ɗan ƙarfen nan mai farin tangaran da ake ɗaurawa a kan inji, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. Motar Baba guda huɗu take ɗauka. Ba kowane buji ke shiga kowace mota ba. Akwai mai dogon zare, wato wurin da ake murzawa cikin inji, akwai mai gajere. In ka sa dogo inda gajere ya kamata, bakinsa zai leƙa cikin inji, fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya taso ya buge shi, aikin minti kaɗan ya koma sauke inji. Akwai kuma lamba a jikinsa da ke nuna irin zafin da yake ɗauka. Ga jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ya fi na ƙwarai kyau. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce a kwance tsohon, a karanta lambarsa, a jera shi da sabon, a duba tazarar bakinsa, sannan a ɗaura.

Baba Nomau bai taɓa yarda wani ya zaɓar masa ba. Kowa a tasha ya san haka. Sai ya ɗaga bujin sama wajen haske, ya karanta lambar da ƙarfi, ya juya tangaran ko akwai tsaga. In ya ga abin da bai yi masa ba, ya ajiye ya ce, "Wanga ku kai ma wanda bai san mota ba." Mukan yi dariya, amma da yawanmu wurinsa muka koyi gane jabu.

Ranar da nake ba ku labari, bayan girbi ne, da hantsi. Tun daga nesa na ji motar tana tari, inji na tafiya da ƙafa uku. Ya tsaya nesa da inda ya saba tsayawa, ya fito muka gaisa.

"Shaibu, tsohuwar ta ƙi lahiya tun jiya. Buji ne. Yi maza, mutane na jirana tasha."

Na buɗe gaba na kwance su. Uku sun yi baƙi da hayaƙi, na huɗun tangaransa ya tsage. Na ce masa duk a canja, ya ce to. Na ɗauko kwandon da nake ajiye sababbi na ajiye masa bisa benci kamar kullum, na koma ina goge ramukan.

Da na waiwayo sai na gan shi riƙe da kwali, ya kawo shi dab da fuskarsa, yana motsa baki kamar mai karatu. Kwalin kuwa a juye yake, rubutun na kallon ƙasa. Ya ɗauki uku masu irin launinsa ya miƙo mini.

"Waɗanga na. Sa su."

Na buɗe ɗaya. Mai dogon zare ne, na wata mota dabam. Da farko na ɗauka gwada ni yake yi, don ya saba yi mana haka. Na yi murmushi na ce, "Baba, yau kuma jarrabawa ce?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wace jarrabawa? Ba lambarta ba ce?"

Sai na sa masa tsohon a hannun dama, sabon a hannun hagu. Ya shafa su da babban yatsa, daga sama har ƙasa. Nan take na ga fuskarsa ta canja. Ya ajiye su a hankali, ya ce ai kwalayen zamani duk sun zama iri ɗaya.

Na zagaya motar kamar mai duba taya. Gefen dama duk ya goge, fenti ya kankare tun daga ƙofa har baya. Madubin wancan gefen babu shi. Fitilar gaba ta fashe an ɗaure da roba. Wannan mutum ne da ake ba da misali da shi, wanda bai taɓa taka ko kaza ba.

Na dawo na zauna kusa da shi, na rage murya don kada na waje su ji.

"Baba, tun yaushe idon?"

"Wane ido?"

"Baba, ni ne fa."

Sai ya ce, "Tun damanar bara na soma jin gefe-gefe na duhu. Yanzu kamar ta cikin ramin kara nike kallon duniya. Abin da ke gabana ina ganin shi, shi ma kamar da hayaƙi. Amma hanyar ga na san ta, Shaibu. Ko an ɗaure min ido ina kai mutane Buza. Sa min buji in tahi."

Na ce, "Hanya kun san ta, Baba. Amma jakin da zai fito daga gona, da yaron da zai gudo bayan akuya, su ba su cikin abin da kunka sani."

Ya ce in bar shi ya kai ƙarshen kakar albasa, daga nan zai nemi magani. Ya lissafa mini waɗanda ke ci daga motar: matarsa, matar ƙanensa da ya rasu da 'ya'yanta, da jikokin da babban ɗansa ya bari ya tafi biɗar kuɗi Abijan, ga shi an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Duk na san su. Gonarsa tudu ce, abin da take bayarwa ba ya kai su rani.

Na ce masa, "Ba ni kai maganarku wurin kowa. Amma hannuna ba ya ɗaura bujin ga yau. Mu tahi likita tukuna. In sunka ce babu komi, ni da kaina zan sa, kuma in ba ku haƙuri gaban mutane."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya miƙe tsaye.

"Ni ka hana ma mota? Ni da na ɗauko ka daga ƙauye ba ka da ko takalmi? Gareji ya ƙare Madawa?"

Na ce bai ƙare ba, kuma ba zan hana shi zuwa wani ba. Ya juya zai fita, ƙafarsa ta ci karo da wata taya da ke jingine a gefen ƙofa, ya tafi zai faɗi, ya dafa bango. Ya tsaya haka ɗan lokaci, bayansa na wajena, sannan ya fita. Motar ta kwana a nan da gabanta a buɗe. Ranar ban iya taɓa wani aiki na kirki ba. Na san in ya aiko wani bakanike ya ja ta, ba ni da ikon hanawa.

Washegari bayan azahar sai ga shi. Ya zauna a bencin, bai gaishe ni ba. Ya ce, "Satin da ya wuce, gangaren Buza, wata mata na tahe gefen hanya da goyo, da itace bisa kai. Ban gan ta ba. Ihun mutanen baya na ji, na karya sitiyari. Madubi ya kwashe itacen kanta. Da na tsaya na fito, tana zaune ƙasa tana duba ɗanta. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, 'Baba, ba ku gan ni ba?' Tun rannan ban yi barcin kirki ba." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Yaushe za mu tahi likitan?"

Muka tafi Tawa a motar haya. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa yanar ido ce, don na ga tsofaffi da yawa an kankare musu sun dawo suna gani. Likitan ya daɗe yana duba shi da na'ura. Da ya gama ya yi mana bayani a hankali, ya ce ba yana ba ce, wani ciwo ne da ke cin jijiyar ido daga gefe ba tare da zafi ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Zai ba da maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage. Baba ya tambaye shi kai tsaye, "Tuƙi fa?" Likitan ya girgiza kai, sannan ya tuna ba lalle a gan shi ba, ya ce, "A'a, Baba. Tuƙi ya ƙare."

Baba ya ce, "To. Alhamdu lillahi." Muka kamo hanya muka dawo Madawa.

A tsarin tasha, direba ba ya barin layi haka kawai. Akwai sandika, wato ƙungiyar direbobi, kuma shugabanta ke raba layin lodi. Na ce zan je in yi bayani a madadinsa, ya ƙi. Da ƙafarsa ya je ya tsaya gaban shugaban da sauran direbobi ya ce, "Ku ba wani layina. Idona ya ƙare." Shugaban, wanda shi ma a motar Baba ya koyi tuƙi, ya kasa ɗaga kai. Suka yi masa karo-karo na abin da ya sawwaƙa. Aikinmu ba shi da fansho, abin da 'yan'uwa suka haɗa maka ranar, shi ke nan.

Wani ɗan kasuwar albasa ya sayi motar. Kafin a miƙa ta Baba ya ce ba zai ba mutum mota tana tari ba, a ce haka Nomau ya riƙe ta. Ya zo gareji ya zauna, ya ce, "Yau kai za ka zaɓa." Na ɗauko masu gajeren zare, na karanta masa lambar da ƙarfi, ya gyaɗa kai. Na daidaita bakinsu, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana maido mini. Na fara ɗaura kowanne da hannu don kada zare ya hau karkace, sannan na ƙarasa da kile. Da na murza makulli, inji ya tashi lafiya lau. Baba ya ɗora tafinsa bisa ƙarfen gaba, ya sunkuyar da kai yana saurare. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Haka take tun tana sabuwa."

Na roƙi mai sayen ya bar ni in kai Baba gida a cikinta, ya yarda. Muka fita da la'asar. Baba ya nufi ƙofar direba bisa sabo, har ya kama hannun ƙofar, sai ya saki ya zagaya. A hanya shi ke gaya mini abin da ke gaba. "Rage wuta, akwai rami bayan kalgon ga. Bi hagu, dama rairayi ne." Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba.

Da muka shiga Karofane jikokinsa suka ji ƙarar motar, suka fito da gudu suna kiran "Kaka! Kaka!" Duk suka yo ƙofar direba. Da suka ga ni ne sai suka ja da baya. Shi kuwa ya fito ta ɗaya gefen, yana laluben ƙasa da ƙafa. Matarsa na tsaye bakin zaure, ta rufe baki da mayafi. Ban iya tsayawa cin abinci ba. Na gaishe su na juya da motar, kujerar gefena babu kowa.

Ya ƙara 'yan shekaru a duniya. Ganin ya tafi gaba ɗaya kafin rasuwarsa, ɗan nasa kuma bai dawo ba. Matan gidan suka koma sayar da ƙosai da surfe, mu ma muna kai abin da muka iya. Ba zan ce muku komai ya daidaita ba, don gidan ya sha wuya, kuma na san da hannuna a ranar da wuyar ta fara. Da za a maimaita, abin da na yi shi zan sake yi, amma bai taɓa yi mini daɗi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in mota ta shigo, kada ku tsaya ga inji kaɗai. Ku dubi mai ita, yadda ya tsaya da yadda yake karɓar abu daga hannunku, domin mutanen da zai ɗauka ba su san ku ba, amma da aikinku za su hau hanya. Kuma direbobin nan da kuke gani suna faɗa a kan layi, yawancinsu gida guda ne ke rataye a wuyan kowane, ba su da wani abin komawa. In ranar faɗa wa ɗayansu gaskiya ta zo, ku ja shi gefe, ku rage murya, kuma kada ku bar shi ya tafi asibiti shi kaɗai. Allah ya ji ƙan Baba Nomau.