Tafiyata Gozaki Neman Mai Sunan Ɗana

Funtuwa zuwa Malumfashi

Ranar Laraba, ƙarfe biyar da rabi na asuba, na bar gida, matata Larai tana kwana uku da haihuwa. Na riga na ci alwashin sa wa yaron sunan aminina, Garba Mai Agogo Gozaki, na kuma ga ya dace in je in gayyato shi da bakina. Shekara huɗu muna gaisawa a filin gaishe-gaishen rediyo, muna musayar wasiƙa, amma ko hotonsa ban taɓa gani ba. Abin da ban iya gaya wa Larai ba ma Garba ya sani.

Sai bakwai bas ta cika. A Bakori direba ya ce zai tsaya minti biyu. Minti biyun nan har kunu na sha a cikinsu, na yi aski.

Gozaki

Sha biyu saura kwata akori-kura ta sauke ni. Aka nuna mini Garba a gindin ɗorawa yana ɓarar masara, ba ko agogo a hannunsa.

Na ce, "Ni ne Sule Funtuwa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Sulen wajen taki?"

Ashe bai ma gane ni ba. Da na yi bayani sai ya yi dariya. "Malam, ni dai sunana nake son ji a rediyo. Wasiƙu kam Lamidi na bakin gidan wayar Malumfashi ke amsawa. Da yana karanta mini, sai na ga surutunka ya yi yawa, na ce ku ƙarata."

Malumfashi

Ƙarfe uku na iso, raina a ɓace, na shirya rashin mutunci. Na tarar da wani Bayarabe siriri, haifaffen garin, yana rubuta wa mutane wasiƙa a kan ɗan tebur. Ina faɗin sunana ya ajiye biro.

"Malam Sule, yaya ƙafar Inna? Larai ta sauka?"

Duk masifar da na haddace a mota ta gudu. Na ce, "Me ya hana ka sa sunanka?"

Ya sunkuyar da kai. "Shekara goma ina rubuta wa jama'a, ba wanda ya taɓa rubuto mini. Na ji tsoron in na faɗa za ka daina."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ya saya mini rogo da ƙuli, muka yi hira har la'asar.

Gida

Da magariba na iso Funtuwa. Ranar Lahadi liman ya raɗa wa yaro Abdulhamid, wato cikakken sunan Lamidi, shi kuwa yana sahun gaba da sabuwar hula.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Godiya kuma ga Garba Mai Agogo, wanda har yau nake aika wa gaisuwa a rediyo, tunda ita kaɗai yake buƙata.