Ɗango na Huɗu a Waƙar Manzo

Bana shekara hamsin ke nan da muka binne yayana Manzo, kuma har yau ban huce ba.

Mu mutanen Gaffati ne. Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba aka kwashe mu aikin tilas ana tsakar damina, muna hawa da duwatsu kan tudun da ake gina bariki. Wanda aka ɗora a kanmu wani gardi ne, wato dogarin Nasara, Tanko, ɗan ƙasarmu, bulalar dorina ba ta barin hannunsa. Manzo ko alif bai sani ba, amma Allah ya ba shi kunne. Shi ya yi mana wannan:

Dutse a kai, ƙafa a ƙasa,
Bulala a baya, rana a bisa,
Gero ya bushe, gida ya yi nisa,
Kai Tanko gardi, Allah ya isa.

Ku dubi aikin. Kowane ɗango rabi biyu ne, ɗaya na ƙafar dama, ɗaya na hagu, mai hawa ba ya tuntuɓe. Ƙafiyar "sa" ce daga sama har ƙasa, don mai kaya a kai huci kawai yake iya fitarwa. Ɗango uku na farko suna sauyawa daga baiti zuwa baiti, na huɗu ba ya motsi. Shi ne amshi, kuma ba ma yinsa sai mun kai bisa muna zubar da kaya, ƙarar duwatsu ta haɗiye sunan. Har Tanko kan ce, "Ku yi ta yi, waƙar nan na sa ku sauri!"

Ranar da Tanko ya zane wani tsoho ɗan garin Zermu har ya suma, Manzo ya ƙi sauke dutsensa. Ya bari wuri ya yi tsit, ya dubi Tanko ido cikin ido, ya rera amshin shi kaɗai. Aka ɗora masa kayan mutum biyu, ya yi ta hawa har ya yi aman jini. Bai ga girbin shekarar ba.

Kwanan baya na ji 'yan lakwal, yaran makarantar boko, suna rera ta. Malaminsu ya sauya ɗango na huɗu da "Mu haɗa kai mu gina ƙasa", saboda ɗan Tanko babba ne a ofis. Da Manzo zai ji, dariya zai fara yi: an maimaita "ƙasa" a baiti ɗaya, karin kuma yana ɗingishi. Zai ce wanda ya yi wannan gyara bai taɓa ɗaukar dutse ba. Ni kam ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci.

Tanko yana nan a unguwar Kara-Kara, ya makance, ana ce masa Alhaji. Ya aiko ɗansa wurina.

"Baba, tsoho ya ce a yafe masa."

"Je ka ce masa mai yafewar yana cikin ƙasa."

Manzo bai bar ɗa ba, kabarinsa ma ya baje. Abin da ya rage shi ne waƙar, kuma karinta ya zauna daidai da taɓarya. 'Yata tana aure katanga ɗaya da gidan Tanko. Na koya mata ta asali, ita ta koya wa maƙwabta, kullum da waƙar suke daka.

Jiya ɗan ya dawo, wai tsoho ba ya iya cin tuwo, yana toshe kunne yana kuka, don Allah a sa matan su bari.

Yau da safe na sayi sabon turmi na aika wa 'yata.