Miyar Gyaɗar da Ta Kwana

Ni na yi laifin, ba ita ba. Na san haka tun ranar, amma na rufe bakina har shekara huɗu.

Bayan yaƙin basasa na buɗe ɗan gidan abinci kusa da tashar mota a Zuru. Mai dafa mini matar wani soja ce da bai dawo ba, ba Bahaushiya ba ce, ta kuma girme ni. A bariki malamin tsafta ya taɓa tara mata masu dafa wa sojoji ya koya musu aiki, ita ko ta riƙe abin kamar karatun cocinsu. Wuƙar ɗanyen nama daban take ajiye ta, ba ta taɓa tuwo sai ta wanke hannu da sabulu. Ni da ban koyi komai ba sai na laƙaba mata Likita, masu cin abinci suna dariya.

Wata ranar kasuwa, cikin bazara, rabin tukunyar miyar gyaɗa ta kwana. Na ce a juye ta cikin sabuwa yadda kowa ke yi.

"Maigida, ta yi kumfa. Sansana ka ji."

"Likita, wuta na kashe komai. A barikinku ne ake zubar da nama."

"Ba da hannuna ba," ta ce.

Da nawa hannun na juye.

Kafin la'asar waɗansu mutanen garin Danko da suka ci suna amai da gudawa a tasha. Wani dattijo sai da aka kwantar da shi asibiti. Washegari dubagari ya zo, ya tambayi mai tukunya. Na nuna ta. Ta buɗe baki, Hausarta ba ta kai ta yi gardama da ma'aikaci ba, ni kuma na cika wurin da surutu. Aka hana ta dafa abincin sayarwa. Sunan da na sa mata ya bi ta gari: Likita mai kwantar da mutane.

Ni na ci gaba da ciniki. Sabulun da ta bari ma da shi na riƙa burge dubagari.

Bayan shekara huɗu na same ta a bakin kasuwa tana sayar da itace, ta rame.

"Maigida, itace kake so, ko wanda za ka nuna?"

Na durƙusa gaban matan da ke wurin.

"Mama, ni na juye miyar nan bayan kin hana. Ƙarya na yi miki gaban dubagari. Ki gafarce ni."