Haruna Farfela da Man da Ya Ƙi Hucewa

Duk wanda ya san Haruna Farfela ya san bayan hannunsa. Mutumin nan ba ya gaisawa da kai sai ya fara ɗora maka shi a goshi, kamar uwa tana duba zazzaɓi. Babur ɗinka, kofin shayinka, kwanon tuwonka, duk sai ya taɓa. Ranar da dillalai biyu suka kaure da faɗa a kasuwar Ƙafin Maiyaki, ya ratsa tsakaninsu ya taɓa goshin kowanne, ya ce, "Wannan a kai shi inuwa. Wancan kuwa mansa ya ƙone, sai juye." Faɗan da bai ci gaba ba ke nan, don su kansu dariya ta kama su.

Shi ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa. Don haka duk da ya girme ni, bawana nake ce masa, kuma ni kaɗai ke faɗa masa a fuska abin da mutanen gari ke faɗa a bayansa, wato kansa ya taɓu.

Walda ce sana'arsa, amma a bayan shago ya ƙera jirgin sama mai kujera ɗaya. Burinsa guda ne, kuma kullum sai ya faɗa: "Kafin in mutu sai na ga rufin gidana daga sama."

Na ce, "Bawana, ka hau tsani mana!"

Ya ce, "Ɗan Kawu, ai shi ya sa ka tsufa kana sayar da taki. Tunaninka bai wuce tsani ba. Kuma ka dawo mini da sifanata."

Wannan sifana, jama'a, ta ɓace shekara da shekaru, ya kuma rantse ni na ɗauke.

Injin a wurin 'yan gwangwan ya samo shi a Kano, daga cikin wata tsohuwar motar Japan. Ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke wulwulawa a cikinsa. Ga shi ƙarami, ba nauyi, ga ƙarfi kamar na ingarma. Aibinsa ɗaya: ruwa ba ya kaiwa cikin ƙarfen nan, baƙin mai ne ke kwashe masa zafi. In man ya yi zafi ya tsinke, sai inji ya cije. A ƙasa in inji ya cije sai ka sauka ka tura. A sama kuwa wa zai tura ka?

Matarsa Dije ta gane wannan sarai. Ta sa ya koya mata karanta mitar zafin mai, sannan ta sa shi ya rantse ba zai tashi ba sai ranar da ita da idonta ta ga allurar ba ta taɓa ja ba. Haruna yana da taurin kai, amma ba ya wasa da rantsuwa.

Na ce ya sayi abin sanyaya mai sabo, irin wanda aka yi don aikin. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Sabo? To don wa Allah Ya halicci 'yan gwangwan?"

Dabararsa ta farko randa ce. Wai tunda randa na sanyaya ruwa, ruwa zai sanyaya mai. Ya naɗe bututun tagulla ya tsoma a randar Dije ta aure, ya bi da man ta ciki, ya ɗaure randar a bayan kujera da igiya. Wallahi da farko allura ta sauka! Yana ta rawa. Can sai ruwa ya fara tururi, jijjigar inji kuma ta yi nata aikin, randa ta ce tau! Dije ta fito ta ga sakaina ko'ina. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ka faɗa mini ruwan zafi kake so, ai da na ɗora maka a murhu."

Ta biyu da ni ta ƙare. Ya ɓallo wani abu mai kama da saƙar zuma daga na'urar sanyin wata matacciyar mota, ya haɗa da tiyo. Ranar Juma'a ce, na sha farar shaddata zan wuce masallaci, ya ce, "Ɗan Kawu, zo riƙe mini nan, yanzu-yanzu." Ya taka inji, tiyo ya ɓalle, baƙin mai ya wanke ni daga hula har takalmi. Kafin in buɗe baki, mutumin nan ya ɗora bayan hannunsa a ƙirjina ya ce, "Alhamdulillahi! Ka ji? Ɗumi kawai gare shi. Ana samun ci gaba."

Na ce, "Allah Ya isa, bawana!"

Ya ce, "Da na jiya ne, ai da yanzu kana asibiti. Godiya ya kamata ka yi."

Daga baya ya samo lagireton mai na wata tsohuwar tarakta, ya rataye shi ƙarƙashin farfela, ya yi masa ƙaton baki da kwanon rufi don ya kamo iska. Allura ta ƙi sauka. Ya ƙara faɗin baki, ta ƙi. A nan ne na dubi Haruna da kyau, ga furfura ta cika masa kai, idanunsa sun fara gajiya da wutar walda. Na daina tsokanarsa, don ya ba ni tausayi ƙwarai.

Wata rana da zafi muna shan fura a zaurena, wanda ke da ƙofa gaba da baya, iska na ratsa mu. Sai ya tashi ya rufe ƙofar baya. Iska ta ɗauke. Ya buɗe, ta dawo. Ya yar da ludayi ya ce, "Kai! Ashe iska baƙuwa ce mai kunya, ba ta shiga gidan da ba ta ga ƙofar fita ba!" Ya fita a guje ba takalmi. Ya je ya yanka wa kwanon nan mafita ta baya, ya yi mata marfi da murfin langar Dije.

Bayan girbi muka turo jirgi wata shararriyar gona a hanyar Dangora. Arɗo Buba ya janye shanunsa gefe yana cewa shi dai ba ruwansa. Inji ya daɗe yana kuka a ƙasa, Dije ta kafa wa mita ido. Da za ta ce ja ta gani, ba mai musa mata, mijinta kuma zai zauna a ƙasa. Sai ta share hawaye ta ce, "Ba ta taɓa ba. Je ka, Allah Ya kiyaye."

Ya tashi, jama'a! Bai fi tsayin rimi ba, amma ya tashi. Ya karkata ta kan unguwarmu, ya dawo, ya dira a tarin karan dawa da hanci. Muka ruga muna salati. Ya fito baki duk jini, ba haƙoran gaba, ya ture mu ya ɗora bayan hannu a kan inji. "Lafiya lau!" Sannan ya juyo gare ni. "Na ga rufina. Sifanata ma tana can a kai."

Na ce, "To sai ka nemi gafarata."

Ya ce, "Wa ya sani ko kai ka jefa ta?"

Bai ƙara tashi ba, ya ce abin da ya je gani ya gani.

Bara da damina ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya, na ɗora masa bayan hannuna a goshi. Ya buɗe ido ya ce, "Ɗan Kawu, yaya allura?"

Na ce, "Ta ɗan taɓa ja, bawana."

Ya ce, "To a buɗe ƙofar baya."

Washegari da hantsi na sake ɗora hannun, na ji sanyi ƙalau. Duk rayuwarsa abin da ya nema ke nan, ni kuwa a nan na zauna na yi kuka.

Allah Ya jiƙan Haruna, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Dije haƙuri. Ni dai na yafe shaddar.