Ranar da Na Shimfiɗa Bargo a Ƙofar Gidan Bature

Abubuwa da yawa na zaman da na yi a ƙasar Holan sun riga sun goge a kaina. Ko sunan titin da nake bi zuwa makaranta yanzu sai na yi dogon tunani. Amma akwai wani yini guda wanda ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zai bar raina, shi ne ranar da na shimfiɗa bargo a ƙofar gidan wani tsohon Bature na zauna, yayyafi na sauka a kaina.

Ni mutumin Bakura ne, a fadama na tashi, cikin shinkafa da albasa da rigimar wa zai fara sakin ruwa a gonarsa. Da Allah ya yi na sami gurbin karatun noman rani a Holan, rabin unguwarmu sai da suka rako ni tashar Mafara. Inna ta ƙulle mini daddawa da kuka da garin kunu da tsamiya, ta ce kada yunwar Turai ta kashe mata ɗa.

Watannin farko na sha wuya, ba ta yunwa ba, ta zama. Ina taƙama na iya keke, tun da na sha ɗauko buhu daga Birnin Tudu a kansa, sai ga tsofaffin mata suna wuce ni suna kaɗa mini ƙararrawa don na tare musu hanya. Shara ma ba a zubar da ita haka nan, kowace iri da mazubinta da ranarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaisuwa. Ka gai da mutum a hanya ya dube ka kamar ka zo roƙo, kuma ba ka isa ka faɗa gidan kowa ba sai kun sa rana tun da wuri. A hankali na koyi kama bakina. Na daina gai da mutane, na daina sa hulata, na zama ina tafiya a gefe-gefe don kada in dami kowa.

Ɗakin haya kuwa a garin nan wahala gare shi ƙwarai. Ni dai na yi sa'a na sami wani ɗan ɗaki a saman gidan wasu tsofaffi biyu, mata da miji. Tsohuwar mutuniyar kirki ce. Ita ta nuna mini yadda ake kunna abin ɗumama ɗaki, ita ta raka ni kantin da ake sayar da naman halal, har ta ba ni wata tsohuwar rigar sanyi ta mijinta. Shi kuwa tsohon, makanikin injin jirgin ruwa ne da ya yi ritaya, fuskar nan kullum a murtuke. Komai nawa laifi ne a wurinsa. Na jiƙa ƙasan banɗaki garin alwala, takuna na asuba ya tashe shi, warin daddawa ya kama labule. Rannan ya tare ni a ƙasan bene ya ce in zangon karatu ya ƙare in nemi wani wuri. Da ya juya, tsohuwar ta ƙifta mini ido ta ce a hankali, “Bar ni da shi.”

To, a kan wannan “bar ni da shi” zamana ya rataya. Na nemi ɗaki har na gaji ban samu ba, kuma a can wanda ba shi da adireshi takardun zamansa ma cikin matsala suke. In na rasa ɗakin nan, ba abin da ya rage sai in tattaro in dawo Bakura da karatu rabi, in dubi idon mutanen da suka rako ni tasha.

Ana nan, wata rana da azahar na dawo daga makaranta na tarar da 'yarsu, wadda ke zaune a wani gari, tsaye a bakin ƙofa idanunta jawur. Ta ce mahaifiyarta ta faɗi a kicin da safe, zuciya ce, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na hau sama na zauna a bakin gado na yi kuka sosai. Ga baƙin cikin matar da ta riƙe ni kamar ɗa, ga fargabar cewa mai tare mini faɗa ta tafi.

Kashegari 'yar ta fita shirin jana'iza, don su sai an kwashe kwanaki kafin a binne mutum. Gida ya yi tsit. Ina leƙe ta taga ina ganin maƙwabta suna zuwa a hankali, kowa ya zura ɗan katin ta'aziyya ta kafar ƙofa ya juya da sauri. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Daga ƙasa ba na jin komai sai ƙarar kujerar tsohon in ya motsa. Abin ya dame ni, sai na kira Inna na gaya mata.

Bayan ta gama salati ta ce, “To, su wa ka zamne da shi?”

Na ce, “Ba kowa, Inna.”

“Ba kowa? Mutum ya yi rashin matatai, shi ɗai cikin ɗaki? Kai ko kana bisa kana mi?”

Na ce, “Inna, nan ba a shiga wurin mutum sai an nemi izini. Kuma kin san ba Musulmi ba ne, ga shi dama ba ya so na.”

Ta ce, “Ita mutuwar da tas shigo mai, izini tan nema? Maƙwabcinka na, ko mi yaka bauta ma. Ba haka munka hore ka ba. Tashi ka dama kunu ka tai ka zamna mai. Ba sai ka yi surutu ba.”

Na ajiye waya ina ta saƙe-saƙe. Falonsa dai ban taɓa shiga ba, kuma ba ranar zan fara ba. Sai na tuna ai a gida ma maza ba ciki suke zaman makoki ba, ƙofar gida ake shimfiɗa tabarmi. Na ce shi ke nan, na sami hanyar da ban saɓa wa Inna ba, ban kuma taka dokar Turawa ba. Wayo nake gani na yi. Na kira abokaina biyu da muke aji ɗaya, wani mutumin Ƙonni ta Nijar da wani ɗan Sudan, waɗanda ba sai na yi musu dogon bayani ba. Na dama kunun tsamiya na cika filas, na ciro hulata daga ƙasan akwati. Da yake ba tabarma, bargona na ɗauko muka shimfiɗa a gefen ƙofa, muka tuɓe takalma muka zauna.

Yanzu in na tuna sai in yi dariya. Baƙaƙen ƙarti uku sun tanƙwashe ƙafa a bakin titin Turawa, cikin sanyi da yayyafi, ba mai cewa uffan. Masu keke na wucewa suna waiwaye har wani ya kusa cin karo da fitilar titi. Labulayen gidajen da ke kallonmu sai motsi suke yi.

Ba a jima ba ƙofa ta buɗe. Tsohon ya fito da rigar barci, bai yi aski ba, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta yi ja.

Ya ce, “Zanga-zanga ka kawo mini? A kan maganar ɗaki? Matata ko binne ta ba a yi ba, ka tara mini mutane a ƙofa?”

Wallahi ko kusa ban kawo wannan a raina ba, amma nan take na ga ai a ƙasarsu wanda ya zauna a ƙofar wani ya ƙi tashi, to da ƙorafi ya zo. Na miƙe na ce, “A'a, Baba, ba maganar ɗaki ba ce. A garinmu in an yi wa mutum rasuwa ba a barin sa shi kaɗai. Maƙwabta kan zo su zauna a ƙofarsa.”

Ya ce, “Su zauna su yi me?”

Na ce, “Ba komai. Zama kawai.”

“Me suke cewa?”

“Sukan ce Allah ya ba ka haƙuri. Daga nan sai su yi shiru.”

Sai ya juya ya shige ya rufe ƙofa. Mutumin Ƙonni ya sunkuyo ya ce, “To, malam, sai ka hwara haɗa kayanka tun yau.” Ɗan Sudan har ya fara laluben takalminsa. Ni kuwa ina zaune ina ta cewa a raina Inna ta gama da ni daga Bakura.

Sai ƙofa ta sake buɗewa. Ga tsohon nan ya sa babbar rigar sanyi, hannu ɗaya riƙe da 'yar kujerar da yake zuwa kamun kifi da ita, ɗayan da lema. Ya miƙa mana lemar, ya kafa kujerarsa kusa da bargon ya zauna. Muka yi shiru mu huɗu muna kallon titi. Can na tsiyaya kunu na miƙa masa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, “Wannan abin da shi kuke liƙa takarda a bango?” Amma sai da ya shanye, ya miƙo kofin na ƙara masa.

Matar gidan da ke kallon namu ita ta fara fitowa, da kujerarta da butar kofi. Ta tsaya nesa kaɗan tana jiran ya kore ta, da ta ga bai yi ba sai ta zauna. Daga nan wani ya fito, wata ta biyo. Ashe duk suna son zuwa, kowa na tsoron kada ya takura masa. Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika. Tsohon da ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba sai ga shi yana ba da labarin yadda ya haɗu da matarsa, wai injin jirgin fito ne ya mutu a tsakiyar ruwa, yana fama da gyara ita kuma tana tsaye a kansa tana zazzaga masa masifa za ta makara wurin aiki. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, sai dariyar ta juye kuka. Ba wanda ya tashi. Muka bar shi ya yi abinsa har ya gaji.

Bayan an yi jana'iza da 'yan kwanaki ya kira ni, karo na farko na taka falonsa. Na zauna a bakin kujera ina jiran a yanke mini hukunci. Ya ce 'yarsa tana so ya sayar da gidan ya koma gidan kula da tsofaffi kusa da ita, don ba ta son ya zauna shi kaɗai. Na ce a raina magana ta ƙare.

Sai ya ce, “Na gaya mata ba ni kaɗai ba ne. Akwai mutum a sama.”

Na ce, “Baba, to maganar ƙarshen zango fa?”

Ya harare ni ya ce, “Ka ji na tayar da ita?”

A ɗakin nan na zauna har na gama karatuna, kuma ban sake kwana da tunanin dawowa gida da rabin aiki ba.

Yau ina Mafara ina aikina na ruwa da manoma. Yara masu shirin fita karatu kan zo neman shawara, nakan ce musu su bi dokar mutane, su koyi zama irin nasu, wannan dole ne. Amma kada su yi zaton zama a ƙasar wasu yana nufin mutum ya ɓoye duk abin da aka hore shi da shi. Ni na yi watanni ina ɓoye nawa don kada a kore ni, ashe abin da ya zaunar da ni a gidan shi ne wanda uwata ta tilasta mini in fito da shi. Mutanen nan sun fi mu sanin ruwa da injina, shi ya sa na je wurinsu. Amma ranar da mutuwa ta shiga gidan, abin da tsohon yake bukata shi ne wanda zai zauna kusa da shi ya yi shiru, kuma wannan tun ina yaro na iya shi.